Wanda Ya Fara Tashi Daga Tabur

Shekarun baya, ina aikin noman rani a Jiratawa, wata ƙungiya ta tura ni aikin sa kai wani ƙauye a ƙasar Polan, in taya manoma kula da shanu. Aka sauke ni gidan wata mata da mijinta da mahaifinta, tsoho tukuf wanda sai an kama shi yake iya miƙewa. Da matar muke Faransanci, da tsohon kuwa sai hannu da murmushi.

Na ga Nowel, wato Kirsimeti, a Kwatano, na gan ta a Lome, duk kiɗa ne da hayaniya. Ta ƙauyen nan shiru ce. Ranar jajibiri, rana ta faɗi ina ganin la'asar ce, mutanen gidan suka tsaya bakin taga suna jiran tauraro na farko kafin a ci abinci. A tabur akwai faranti ɗaya da ya yi rara, da kujera babu kowa.

Na ce, "Madam, baƙo muke jira?"

Ta ce, "Eh. Amma ba lallai a gan shi ba."

Kowa sai da ya hura wa kujerarsa iska kafin ya zauna, kada ya danne ruhun wani mamaci da ya zo ziyara. Ni ma na hura, mai yawon duniya guda.

Muna cikin cin kifi na tuna ban yi magariba ba. Na dafa tabur, na tura kujera baya. Caraf matar ta riƙe mini hannu, yatsunta sanyi ƙalau.

"Kada ka miƙe! Yau wanda ya fara tashi kafin a gama, ba ya ganin Nowel ta gaba."

Ga ni a rankwafe kamar mai ruku'u, ban zauna ba, ban tsaya ba. Na ƙaƙaro dariya na ce, "Haba Madam, ajali na Allah ne." Ba wanda ya taya ni. Mijin ya ajiye cokali.

Sai muka ji ƙarar kujera. Tsohon nan ne ya miƙe, shi kaɗai, sambal, inuwarsa har saman bango. Ya dube ni ya faɗi wani abu gajere.

"Me ya ce?"

Matar tana hawaye ta ce, "Ya ce ya riga ka. Je ka yi sallarka."

Na yi sallar, amma har yau ban san surar da na karanta ba.

Na dawo Maraɗi lafiya. Ana shirin girbin hatsi matar ta kira ni a waya: tsoho ya kwanta barci bai farka ba. Na je Tsibiri na ba mahaifiyata labari. Ta ce, "Kai dai da shiririta. Tsoho ya mutu, shi ne abin mamaki?" Ta ci gaba da tsince wakenta. Can ta ce, "Amma shi ya yarda da abin, ko?" Na ce ya yarda. Ta ajiye waken gefe.

Ni ban yarda tashi daga tabur yana kisa ba. Shi ya yarda, kuma ya tashi, saboda baƙon da ko sunansa ba ya iya faɗi daidai.

Yanzu a gidana na Sabon Gari, sai na yi salla ake kawo tuwo, kuma ni ne na ƙarshen barin kwano. Iyalina suna cewa Alhaji kwaɗayi ya kama shi da tsufa. Ina barinsu su yi dariyarsu.