Takalman Bakin Ƙofarmu

Mahaifina baduku ne a unguwar Barokinya, a nan ƙetaren teku inda aka kawo mutanenmu bayi, Bahaushe da ya fanshi kansa daga bauta da allura da zare. Bayan la'asar yakan ture fatu gefe, ya shimfiɗa tabarma, ya koyar da yara. Rabin zaman na baƙaƙen Fotugis ne, don kada a riƙa miƙo mana takarda muna zare ido. Sauran rabin Hausa ce zalla, domin jiragen ruwa sun daina kawo mutanenmu, yara kuma da Yarbanci ko yaren Turawa suke amsa wa iyayensu. Ajami kam bai ƙara taɓa shi ba tun boren da bayi Musulmi suka yi kafin a haife ni.

Mu tara ne, huɗu 'yantattu, biyar bayi. A garin nan bawa ba ya sa takalmi, kuma ba a yarda ya zauna karatu ba. Baba dai bai taɓa duba ƙafar kowa ba. Cikin biyar ɗin akwai ƙawata, 'yar mai ƙosan bakin layinmu, wadda ta fi ni kai nesa ba kusa ba, abin da har yau ban gama yafe mata ba.

Ladabi ne ya tona mana asiri. Ba a taka tabarmar malam da takalmi, don haka mu huɗun muke jera namu a bakin ƙofa, a waje, kowa na gani. Wata rana ɗan sandan unguwa ya tsaya yana saurarenmu, sannan ya kira Baba.

"Takalman mutum huɗu nake gani," ya ce da Fotugis, "amma muryoyin sun fi haka. Zan dawo."

Washegari Baba ya sallami biyar ɗin. Ban ga laifinsa ba yanzu, ya ga abin da aka yi wa malamai bayan boren da idonsa. Amma a lokacin na kasa zama wuri ɗaya. In zauna in tashi, in leƙa titi in dawo, karatu ba ya shiga. Ƙawata tana can gefen kasko tana fifita wuta, in na wuce sai ta kau da kai.

Uwarta ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa. "Malam, ni ba wani abu nake nema ba," ta ce. "In na yi mata magana da harshen uwata ta gane, in an rubuta takarda a kanta ta san abin da aka rubuta. Shi ke nan fa."

Ni dai bakina ba ya da linzami.

"Baba, kai ne fa baduku! In takalmi mutumin nan yake ƙirgawa, ka ba shi takalmi mana."

Ya ce ba ni da kunya. Da gari ya waye na tarar yana yanka ragowar fata.

Kwana shida ya gama na mutum biyar. Ya juya ɗaya ya dubi ƙasansa, ya yi tsaki. "Wannan ko makaho ya shafa ya san bai taɓa taka ƙasa ba." Masu su kuwa ba halin su sa. Sai aikin ya faɗo kanmu mu huɗu, mu tsufar da su. Na ɗauki na ƙawata, ga ƙafarta ba ta kai tawa ba. Mako guda ina hawa da sauka tsakanin tudun gari da bakin teku, ina jan ƙafa a kan duwatsu da gangan, dugadugaina suka yi ƙuraje suka fashe. Na zage ta a raina ba adadi, ita da ƙananan ƙafafunta.

Ranar da ta dawo ta tsaya tana kallon jerin.

"Wanne ne nawa?"

Na nuna mata. Ba ta sa ƙafa ba, ta tsallake su ta shiga. Ɗan sandan ya dawo kamar yadda ya ce, ya ƙirga tara, ya juya ɗaya da sandarsa, ya tafi. Ko ya yarda ne ko ya gaji, ban sani ba.

Wata bakwai ƙawata ta samu tana karatu. Daga nan ubangidansu ya sayar da ita kudu, gonakin kofi, ita kaɗai. Na yi kuka har na ji haushin kaina, na ce wahalar banza muka sha.

Na riga na yi aure lokacin da uwarta ta zo nemana da wata takarda da wani matuƙin jirgi ya kawo mata. Ta ɗauka sanarwar mutuwa ce. Na buɗe. Baƙaƙen Fotugis ne, amma da na fara haɗa su sai na ji Hausa tana fita daga bakina.

"Inna, ina nan da rai. Kada ki yi kuka a gaban kasko. Ki ce wa 'yar baduku ta ajiye mini takalmina."

Suna nan a ƙasan akwatina. Ba ƙafar da ta taɓa shiga cikinsu sai tawa.