Gardama a Bayan Kati

Duk ranar da na buɗe gwangwanin alewar Kawu, warin tsohuwar takarda ke fara tarbata, sai in ji ni a zauren gidanmu na Rikkos, ruwan damina yana dukan kwano. Katuna ne a ciki masu hoto, irin waɗanda ake manna wa kan sarki a aika ƙasar waje. Ga gidan tarihi da tukwanensa, ga duwatsun nan da suka hau kan juna, ga kasuwar Terminus tun wuta ba ta cinye ta ba.

Kawu, ƙanin mahaifiyata, sana'arsa ke nan, sayar wa baƙi katuna a ƙofar gidan tarihi. Waɗanda suka yi kwantai ba ya zubarwa. A bayansu yake rubuta hukuncinsa a kan duk fim ɗin da ya kalla, don mayen silima ne, na Indiya da na kaboyi babu wanda ya bari. Kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Yana da amini, Kirista ɗan tsaunukan nan, mai kula da lambun gidan tarihin. Baban Gada Biyu muke ce masa, da sunan unguwarsu.

Washegarin kallo da hantsi za ka same su a zaure, shayi ya huce ba su sani ba. Kawu ya rubuta: "Jarumin rago ne, ana sace masa mata yana waƙa." Baba ya fizge biro ya sa a ƙasa: "Ƙarya. Dabara ce." Ban taɓa ganin fim ɗin da bakinsu ya zo ɗaya a kansa ba. A bayan katunan nan na koyi haɗa baƙi, kada ka yi mamaki da na tashi da bakin gardama.

Sai rikici ya zo, ya tafi, ya sake dawowa. Gari ya rabu, kowa ya koma cikin nasa. Da Kawu ya rasu, 'ya'yan Baba suka hana shi zuwa jana'iza don tsoro. Ban ga laifinsu ba, amma abin ya ci min rai shekara da shekaru.

Bara na ji labarin idon Baba ya tafi, kuma kullum yana tambaya ko katunan na nan. Na ɗauki gwangwani. Yayana ya tare ƙofa.

"Ba za ki je ba. Gada Biyu ba tamu ba ce yanzu."

"Yaya, yaushe aka raba gadon garin ban sani ba?"

Na shiga keke mai ƙafa uku da hijabina. Ƙarya ne in ce gabana bai faɗi ba, amma tsohon nan ba shi da lokacin jiran tsorona ya ƙare.

Na same shi yana shan rana a tsakar gida. Na durƙusa na ce, "Baba, 'yar mutuminka ce ta Rikkos." Ya laluba gwangwanin, ya shinshina, ya ce, "Karanta, yarinya." Na zaro mai hoton kasuwa, na karanta masa zancen ragon jarumi. Ya bugi gwiwarsa, hawaye na bin kumatunsa.

"Ƙarya yake! Allah ya ji ƙansa, amma ƙarya yake!"

Yau gidajen silima sun zama wurin ajiye kaya, ba mai aika kati, 'ya'yana kowa kallonsa yake a waya shi kaɗai, ba wanda zai musa masa. Ana ta surutu wai ina yawan tsallakawa. A yi ta yi. Duk Asabar ina Gada Biyu, ni ce bakin Kawu, kuma har yanzu ban bar wa Baba gardama ko ɗaya ba.