Ranar da Aka Goya Gajera

Birame Tine bai taɓa cin tsere ba. Na uku ya taɓa zuwa, a wata shekara da ruwan sama ya kori masu manyan motoci daga fili. Amma idan ka zauna da tsofaffin da suka san filin tseren da ke hanyar Mbur, sunansa za su fara ambata kafin na waɗanda suka ɗauki kofi.

Garejinsa a unguwar Pikin yake, bayan kasuwar kifi, rumfar kwano ce da rami ɗaya. Gyaran tasi ne abincinsa. Motar kuwa wata ƙaramar Fijo ce ja mai ƙofa biyu, ya saye ta a hannun wani Bafaranshe da zai koma gida. Gajera ake ce mata. Ni aikina a fili ɗaga tuta ne a kwanar ƙarshe, nan muka saba. Shi Baserere, ni Bafillace, ƙabilunmu abokan wasa ne, saboda haka ba mu taɓa gaisawa ba sai da tsiya.

"Bawana, an kwana lafiya? Ina shanun?" in ji shi.

"Suna gaishe ka. Sun ce ka rage cin wake, har fili ake jin ka."

A zamaninmu akwai abin da kowa ya yarda da shi, ko da yake ba wanda ya rubuta. Motar kirki da ƙafarta take zuwa fili, da ƙafarta take komawa gida. Wadda aka ɗoro a bayan babbar mota 'yar goyo muke ce mata, ko ita ta wuce kowa. Mai ita ya karɓi kofinsa, mu tafa masa, sannan wani ya tambaye shi yaushe za a yaye ta. Gajera ba a taɓa goya ta ba. Wannan shi ne abin da Birame ya mallaka a duniya, ban da rumfar.

Ran Asabar da ita yake zuwa cefane. Ran Lahadi da sassafe sai ya loda tayoyin tsere a kujerar baya, da akwatin sifanu, da tukunyar shinkafa da kifi a naɗe cikin zane. Ya bi cunkoson garin Rufisk kamar kowa, tsakanin motocin haya da amalanken doki. In ya iso sai ya kafa jak, ya canja tayoyi, ya sa birkin da ke jure zafi, ya ɗaure shakazoba, ya liƙe fitilu kada gilashi ya tarwatse. Da yamma ya warware duka, ya mai da ita motar cefane, ya kama hanya. Wata rana giya ta uku ta ƙi shiga ana tsakiyar tsere. Wani ɗan Labanan mai kirki ya ce akwai wuri a babbar motarsa, a ɗora ta. Birame ya gode masa, ya tafi gida a giya ta biyu, yana tsayawa yana ba lagireto ruwa, har masu keke suna wuce shi suna yi masa sannu.

Ba wai ya bar ta yadda ya saye ta ba ne. Ya ƙara mata ƙarfi fiye da yadda masu ƙera ta suka nufa. Sai dai duk abin da ya sa mata, da noti ya ɗaure shi. Bai yarda da walda a jikinta ba. Yakan ce duk aikin da ba zai iya kwancewa ran Lahadi da yamma ba, to ba nasa ba ne. Ko kejin ƙarfen da ke kare direba idan mota ta kife, nasa na ɗaurawa ne, rabinsa yana fita idan za a ɗauki fasinja.

Ido ne ya sauke shi. Likitan da ke duba direbobi ya nuna masa allo, ya karanta layin sama, ya tsaya. Ya fito yana dariya yana cewa allon ne ya tsufa. Amma mako na gaba sai ga shi da Latir.

Latir ɗan ƙanwarsa Daba ne, shi kaɗai ta haifa. Magidanci ne lokacin, yana aikin fiton kaya a tashar jirgin ruwa. Tun ranar farko muka ga yana da abin da kawunsa ba shi da shi. Ni da ke tsaye a kwana na fi kowa gani. Birame yakan taka birki da wuri, yana tunanin hanyar gida. Latir ba ya tunanin hanyar gida.

"Kawu, kujerar bayan nan fa nauyi ce kawai."

"Tayoyin a kanka za ka ɗauko su?"

"Sai a shimfiɗa su a ƙasa. Haba Kawu, noti huɗu ne fa."

Noti huɗu ne, gaskiya. Birame ya cire, ya naɗe kujerar a buhu ya ɗora a kan kantar garejin. Bayan ita salansar hayaƙi ta bi, aka sa wadda ke tashin unguwa. Aka sa kafireto biyu. Aka sauke motar ƙasa har sai ta karkace kafin ta haye tudun kwalta. Kowane ɗaya Birame yana gunaguni, kowane ɗaya kuma da hannunsa ya yi, ya yi shi da kyau. Kantar tana cika da buhuna. Yakan nuna mini ita ya ce, "Duk ranar da na ga dama, yini ɗaya zan mai da ita." Latir ya fara zuwa na huɗu, ya zo na uku, ya zo na biyu. Har lokacin da ƙafarta take zuwa, Birame a kujerar fasinja, yana toshe kunne.

A kwanata abin ya faru. Latir ya shigo da gudun da kwanar ba ta karɓa, tayar baya ta taɓa yashi, Gajera ta juya sau ɗaya ta kwanta a kan rufinta. Da muka ciro shi dariya yake yi. Birame bai yi dariya ba. Ya leƙa ciki ya ga ƙafar kejin ɗaya ta ɓalle daga gindin motar, noti da komai, rufin ya sauko har ya goge hular kwanon. Muka taru muka tayar da ita, ya fasa sauran gilashin gaba, ya tuƙa ta gida a haka, iska na dukan idon da ba ya gani sosai.

Kashegari ina garejin muna shan shayi Daba ta shigo. Ba ta zauna ba.

"Yaya, na ga motar."

"Kwano ne, Daba. Ana buga shi ya miƙe."

"Kan ɗana ma ana bugawa ya miƙe?"

Ya ajiye kofin shayinsa.

"Na ce ya bari, ya ƙi. Kai ka koya masa, kai ka ba shi makulli. Ban zo faɗa ba. Ko ka hana shi, ko ka tsare min shi. Ɗaya za ka yi."

Ta gaishe ni a kan hanyar fita, abin da ba ta yi ba da ta shigo.

Hana Latir ba abu ne mai yiwuwa ba. Da an karɓe makullin, da ya nemi motar wani, wadda Birame bai san cikinta ba. Sai na ɗauke ƙafa kwana biyu. Da na dawo, tun daga bakin layi na hango hasken walda a rumfar. Ya fitar da komai daga cikin motar. Ya yanke ƙasanta a wurare, ya huda gaban direba, ya ratsa bututun ƙarfe masu kauri tun daga kan shakazoban gaba har na baya, ya gicciya wasu a bakin ƙofofi, ya narka su da jikinta.

"Baserere, yau kuma maƙeri aka koma?"

Bai ɗago ba. A iya sanina wannan ce rana ɗaya da na tsokane shi bai rama ba.

Aikin ya yi kyau. Masu duba motoci a fili suka kira juna suna kallo. Ɗaya ya ce ko daga saman bene aka jefo ta, direba zai fito ya nemi ruwan sha.

Saura kaɗan a buɗe tseren shekara takardar lafiyar motar ta ƙare, ya ce in raka shi wurin da ake dubawa. Da ƙyar na shiga, sai da na ɗaga ƙafa na haura ƙarfe kamar mai tsallake katanga. Ma'aikacin da ya karɓe mu saurayi ne mai ladabi. Ya zagaya ta, ya leƙa ciki, ya daɗe yana shafa waldar.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni."

"Allah ya yi wa hannun albarka. Amma ba zan iya sa mata hannu ba."

"Birkinta ya fi na duk motar da ke layin nan."

"Na sani, Baba." Ya nuna ni. "To in wani abu ya faru a titi, ta ina wannan dattijon zai fita? Kuma ba hular kwano a kansa, ga ƙarfe daidai goshinsa. Wannan ba ita ce motar da aka yi wa rajista ba. A cire ƙarafan a dawo, ni da kaina zan duba ta."

Birame ya ce to. A hanya ya ce mini yaron yana da gaskiya. Ni ma na san abin da bai faɗa ba. Ya yanke ƙarfen asali ya ba kejin wurinsa, yanzu kejin ne ke riƙe da motar.

Da Latir ya zo da yamma, kawunsa ya gaya masa a hankali, kamar mai kai labarin rasuwa. Ya ce yana tunanin ko zai yanke na bakin ƙofa da na gaban goshi, ya mai da su na noti, wataƙila a karɓa.

"A yanke? Inna ta ji ka kuwa?" Latir ya yi dariya. "Kawu, kwantar da hankalinka. Ai tun watan jiya na gama magana da mai babbar mota. Wasu masu kamfanin ruwan roba za su manna sunansu a jikinta, su za su ɗauki nauyi. Wa ke tuƙa mota zuwa fili yanzu? Kulocin nan ma cunkoson Rufisk ke cinye shi."

"Tun watan jiya."

"Na so in faɗa maka, na san za ka yi ta magana."

Ya dafa kafaɗar kawunsa, ya ce ya gaji ya huta, ya tafi. Birame ya ɗauko injin yankan ƙarfe, ya jona shi, ya tsaya a bakin ƙofar direba. Na ga ya auna wurin da yatsa. Bututun nan shi ne zai tsaya tsakanin haƙarƙarin Latir da duk abin da ya zo daga gefe. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zare wayar, ya naɗe ta, ya tambaye ni ko da sauran shayi.

Ran Lahadin da aka buɗe tseren ban je ɗaga tuta ba, na aika cewa ƙafa ta dame ni. Babbar motar ta zo da hantsi, ta toshe layin, masu kifi suna zagi. Gajera ta yi ƙasa da yawa, haɓarta ta ƙi hawa gadar ƙarfen da aka sauko da ita daga bayan motar. Yaran motar suka ce a tura da ƙarfi kawai. Birame ya daka musu tsawa, ya shiga ya ɗauko katakai, ya jera su, ya durƙusa yana nuna wa Latir da hannu, kaɗan dama, tsaya, taho. Ta hau ba ta goge ko'ina ba. Shi ya ɗaure tayoyin, ya bi ɗaya ɗaya ya ja igiyar ya gani.

"Kawu, shigo gaba, akwai wuri."

"Ina da aiki. An bar min tasi."

"Yau Lahadi?"

"Mai ita yana da iyali."

Daba ta zo rakiya, ta sha ado. Ta leƙa ta ga ƙarafan, ta gyaɗa kai, ta shiga gaba ta zauna a wurin da aka ce akwai. Ba ta dubi inda yayanta yake ba, ina jin hankalinta na kan ɗanta.

Daga baya na tambayi wanda ya riƙe mini tuta ko wani ya yi wa Gajera tsiya da aka sauke ta. Bai gane tambayar ba. Ya ce ai duk motocin a haka suka zo.

Tasin da gaske ce, birkinta ya sha iska. Birame ya shiga rami, mai ita ya zauna a sitiyari don ya riƙa taka birkin a fitar da iskar, ni ina kan benci. Bayan la'asar wayarsa ta yi ƙara a aljihun rigar da ya rataye, ya ce in ɗauka. Ihu ne da ƙarar injuna, da muryar Latir a sama da su.

"Baffa, ba Kawu wayar! Ce masa mun ci! Na ɗaya! Ce masa motarsa ta ci!"

Na sunkuya bakin ramin na faɗa masa. Ban ga fuskarsa ba, sai hannunsa riƙe da sifana.

"Lafiya ya fito?"

"Lafiya lau."

"Madalla."

Na tsaya da wayar a hannu, Latir yana ta kira a ciki. Birame ya ƙwanƙwasa cikin tasin da sifana.

"Direba, barci kake? Taka. Riƙe. Saki. Taka kuma."