Ranar da Aka Ƙi Karɓar Jinina

Salamu alaikum jama'a. Na san na yi shiru da yawa. Masu tambaya ko jirgina ne ya kife, bai kife ba. Ni ne na kife, a gadon asibiti. Har yanzu rubutu na gajiyar da ni, sai ku yi haƙuri da yadda zai fito.

Wanda bai san ni ba, ni ne mai ɗora hotunan ruwa daga Wara. Jirgi mai inji nake tuƙawa, ina kai 'yan kasuwa Yauri.

Tun ina yaro nake fitsarin jini. A bakin ruwa wannan ba ciwo ba ne a wurinmu. Ranar da na fara gani na ruga wurin Inna ina kuka, ta yi dariya ta ce, "Kai wawa, girma ne ya zo maka. Ubanka ma haka ya yi." Shi ke nan, ban sake kawo maganar ba.

Bara na fara jin jikina ba daidai ba. In na ja igiyar inji sau biyu sai haki. In na miƙe sai jiri. Na ce rana ce.

Ana haka ƙanwata Rabi ta haihu a asibiti a Yelwa, jini ya ɓalle mata. Na mijinta bai zo ɗaya da nata ba. Aka kira ni, na bar jirgi da kayan mutane na taho.

Nas ɗin da ke ɗakin ɗibar jini ta soki yatsana, ta ja fatar idona ta duba, ta daɗe tana kallona.

"Malam, kana ganin jini a fitsari?"

Na ce, "Malama, wa ba ya gani a bakin ruwa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Tashi. Jininka bai kai ba."

Wallahi na ji haushi. Na fita na sayi malta da madarar gwangwani, na haɗa na shanye a tsaye, kamar yadda ake cewa yana ƙara jini nan take. Na dawo na yi mata tsawa na ce ta sake gwadawa. Na roƙe ta. Na ce ta ɗiba, in na mutu ni na yarda.

Ta ce, "In na ɗibi leda ɗaya a jikinka, gado biyu zan nema maimakon ɗaya."

'Yan uwanmu uku suka biyo ni daga gida, duk masunta, duk ƙarti. Biyu aka mayar saboda ƙarancin jini, ɗaya aka ce yana da ciwon hanta bai sani ba. Muka jeru a kan benci muna kallon ƙasa, Rabi na ciki tana ƙarewa. Ban taɓa jin ba ni da amfani kamar ranar ba.

Wani tela, abokin mijinta, shi ya bayar. Mutumin da ko iyo bai iya ba. Rabi ta tashi.

Nas ta ce in ga likita. Na ce to, na koma ruwa abina.

Bayan 'yan makonni na faɗi a cikin jirgi, fasinjoji suka kawo ni.

Gwajin fitsari, gwajin jini, hoton mara. Likita ya ce tsargiya ce, tsutsar ruwa ke kawo ta, ta daɗe tana cin mafitsarata tana tsiyayar da jinina kaɗan-kaɗan. Ya ce, "Shekara nawa kana zuba, ba ka taɓa toshewa ba?"  Inna na gefe tana ji.

Sai ga shi ni ake nema wa jini.

Rabi ta zo da goyo, ta naɗe hannun riga. Aka ce mai jego ba ta bayarwa. Ta ce, "Yaya, wace irin rayuwa ce wannan? Kai an kore ka, ni an kore ni." Ta zauna ta yi ta kuka. Telan nan ya sake zuwa, Allah Ya saka masa, aka ce bai cika wata uku da bayarwa ba. Ƙanensa ya kawo, aka gwada shi, aka ɗiba.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Tsoron sakamakon hoto ya fi na allura. Taruna na kamun kifi na sayar muka biya asibiti. Ƙwayoyin tsargiyar ba su da yawa, amma na ƙarin jini wata da watanni na sha, har na tsani warinsu. Tafiya masallaci ma sai na huta a hanya.

Na gode wa Allah. Na gode wa telan nan da ƙanensa, da nas ɗin da na yi wa tsawa, da ku masu addu'a.

Shawarata kaɗan ce. Jan fitsari ba girma ba ne, ku kai yaranku asibiti. Ku san irin jininku tun kuna lafiya. In aka tambaye ku a ɗakin ɗibar jini, ku faɗi gaskiya, ko ciwo, ko magani, ko yaushe kuka bayar na ƙarshe. In aka ce ba ku cancanta ba, kada ku yi faɗa kamar ni, ku tambayi dalili. Malta ba ta yin komai a minti goma.

Yanzu Rabi na da wani cikin, ya tsufa. Likita ya ce a tanadi jini kafin ranar, saboda abin da ya faru.

Shekaranjiya na je asibitin tare da Inna. Nas ɗin nan ce dai. Ta soki yatsana, ta duba fitsarin, ta ja fatar idona. Ina jiran in ji "tashi".

Ta nuna min gado ta ce, "Kwanta, Malam."

Inna ce ta riƙe min ɗaya hannun har ledar ta cika.