Ruwan da Muka Wuce a Gonar Baba Ɗanlami

Cikin duk rijiyoyin da na kafa kafin in ajiye aiki, ba na manta ranar da muka je gonar Baba Ɗanlami a bayan Doguwa. Lokacin ni ne shugaban ma'aikata a wani ɗan kamfanin ruwa a Tudun Wada. Bazara ce, irin wadda ƙarfe ke ƙona hannu tun hantsi.

Baba Ɗanlami tsoho ne mai taurin kai. Yana saurayi ruwan madatsar Tiga ya ci garinsu aka tashe su. Daga baya ya sami gona a gindin dutse, ya gina ɗaki ɗaya ya tare, ya ce ba mai sake tashinsa. Sai dai rafin gefen gonar yana ƙafewa da rani, ƙafafunsa kuma sun daina kai shi rijiyar ƙauye. 'Yarsa Hajiya Rabi, malamar asibiti a Kano, ita ta ɗauko mu, ta kuma faɗa a gabanmu: "Baba, in ba a sami ruwa yau ba, ƙafata ƙafarka sai Kano. Na gaji da kwana da fargaba."

Ga wanda bai san aikin ba, wannan rijiya ba ta buƙatar inji. Bututun ƙarfe ne mai tsini, da ƙananan huji a kusa da tsinin. A kafa shi a ƙasa, a yi ta duka da guduma, in ya nutse a ɗaura masa wani. Ruwan da ake nema yana kwance cikin yashi, ba nisa. Shi ya sa ake tsayawa lokaci-lokaci a zura igiya a ga ko ta jiƙe, a kuma zuba ruwa a bututun. In ya shanye, tsinin yana cikin yashi. In ya tsaya cik, laka ce.

Yarana biyu masu dukan bututu, Iliya da Ado, sun daɗe suna gardamar wa ya fi ƙarfi. Ga ƙasa mai laushi, ga Hajiya tsaye tana cewa, "Ku zurfafa sosai don Allah, kada ya ƙafe." Ai an ba kura ajiyar nama. Ina can gindin mangwaro ina haɗa famfo, su kuwa suna ta zuba guduma ba tsayawa, kowa na son a ce shi ne gwani. Mutanenmu duka haka suka ɗauka, wai zurfi shi ne kyan rijiya.

Muka ɗora famfo, muka ɗura masa sauran ruwan jarkarmu don ya kama, muka tuƙa har kafaɗa ta gaji. Iska kawai yake ja. Hajiya ta ɗauko makullin mota. Baba ya zauna bakin ƙofa yana kallon gonarsa. Wallahi tausayinsa ya kama ni, haushin yarana kuma kamar in shaƙe su.

Na cire famfon na ce a ba ni ruwa in gwada bututun. Babu, sai tulun Baba. Na ce, "Baba, in na juye wannan, ko na alwala ba ka da shi."

Ya ce, "Juye, ɗana. In ba ruwa a ƙasan nan, tulun ma ba shi da sauran aiki."

Na juye. Ruwa ya cika bututu ya tsaya a baki, ko motsi. Nan na gane mun huda yashin mun shige laka, wato mun wuce ruwan. Na roƙi Hajiya aron jak ɗin motarta, muka ɗaure bututun da sarƙa muka fara ɗago shi. Iliya ya ɓata rai: "Oga, duk wahalar nan kuma baya za mu koma?" Na ce masa ƙarfin da ya nuna ɗazu ya nuna shi yanzu.

Muna ɗagawa kaɗan-kaɗan, idona na bakin bututu. Can sai ruwan tulun ya yi ƙugi ya zurare ƙasa gaba ɗaya. Na zura igiya, ta fito sharkaf. Muka mayar da famfo, amma ba abin da za a ɗura masa. Hajiya da kanta ta ruga mota ta kawo gorar ruwan shanta ta juye. Na tuƙa. Taɓo ya fara fitowa, sai ja-ja mai yashi, sai ga shi garau, mai sanyi har cikin haƙori.

Baba ya tara hannu ya yi bismilla ya sha. Ya daɗe yana sha. Sannan ya dubi 'yarsa ya ce, "Rabi, cika gorarki ki tafi da shi. Na ji ku a birni saye kuke yi." Ta yi dariya tana share ido da bakin mayafi, ta ce, "Ka ci, Baba. Zauna abinka."

Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda na koya wa aikin nan cewa guduma ba ta san inda ruwa yake ba, sai an tsaya an tambayi ƙasa. Kuma kafin ka ɗaga ta, ka san abin da mai wurin zai rasa in ka kuskure. Baba Ɗanlami bai sake tashi daga gonar ba. A ɗakin nan ya cika, shekaru bayan haka, kuma da ruwan rijiyarsa aka yi masa wanka.