Inna da Tsimin Magani

Shekara uku ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata. Lokacin ana cirar gyaɗa a Kademi, kamar yanzu. Na sha ɗaukar biro in yi rubutu a kanta, sai in ajiye. Bana dole ce ta sa, kuma zan faɗi dalili.

Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Waccan" take ce mini. In tana son in yi abu, ina zaune a wurin za ta dubi ƙanwata Sa'a ta ce, "Ce wa waccan ta sauke tukunya." Haka muka taso muka tarar, ban taɓa ɗaukarsa rashin so ba. Amma da ƙullutu ya fito mata a mama, ni da na yi sakandare ni ce ta ƙarshen ji. Sai da ya fashe, zane ya kasa rufa asiri, sannan Baba ya nemo adaidaita muka tafi asibitin Gaya. Daga can aka tura mu Kano. Likita ya ce sankarar mama ce, har ta bazu. Bai yi mana alkawarin warkewa ba. Ya dai ce akwai ƙwayar da za ta riƙe ciwon, in ana shan ta kullum babu fashi.

Da mai kemis ya faɗi kuɗin kwali ɗaya, Baba ya ce, "Na shekara ke nan?" Aka ce a'a, na wata guda. Ya cire hula ya mayar. Gyaɗar shekarar ta tafi, sai bijimin huɗa, daga baya aka jinginar da gonar fadama.

Duk unguwarmu an san Inna da tsimi. Geron rumbunta yana riskar wata kakar. In za ta auna na tuwo, sai ta shafe bakin tiya, sannan ta damƙo kaɗan ta mayar cikin buhu. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba, ko a shekarar da damina ta yi gardama. Maƙwabta har aiko 'ya'yansu mata suke yi su koyi hannunta.

To, wannan hannun ne ta kai kan magani.

Lokacin na yi aure a Ajingi, zuwa nake in koma. Sai na ji Baba yana murna, wai Allah ya sa wa maganin albarka, kwalin wata guda ya doshi wata biyu bai ƙare ba. Na shiga ɗakinta na buɗe kwallar da take ajiya, na tarar da ƙwayoyin an rarraba su biyu da wuƙa, an ƙulle a leda. Sa'a ta ce ai haka take yi: yau rabi, gobe ta tsallake, ranar da ta ji dama-dama kuwa ba ta taɓawa.

Ran nan na ajiye kunya, na durƙusa gabanta na ce, "Inna, likita cewa ya yi kullum, kuma guda cur." Ba ta dube ni ba. Ta juya wajen Sa'a ta ce, "Ce wa waccan, in na haɗiye gonar ubanta kafin bazara, ƙwayar za su tuƙa su ci?"

Na sa ido daga ranar, amma ciwon ya riga ya yi gaba. Ba zan ce da ta sha daidai da tana raye ba, kwana na Allah ne. Abin da ke cin raina shi ne ita a ganinta ba ganganci ta yi ba. Aikin da aka yabe ta a kai tun tana amarya shi ta yi.

Ina yawan tunanin me za ta ce da ta ga yau. Gonar fadama har yanzu tana hannun mutane. Kuɗin mota zuwa Kano kaɗai ya isa ya sa mace ta yi shiru da ciwonta, balle magani. Na tabbata da tana nan, cewa za ta yi ai ga shi, ta yi gaskiya.

Ga dalilin rubutun. Kwanakin baya ina wanka na ji ƙullutu a mamana na hagu, kamar ƙwayar gurjiya. Wallahi ba mutuwa ce ta fara faɗo mini a rai ba. Babur ɗin maigidana na fara tunawa, wanda da shi muke ci. Sai na ji kaina ina cewa, bari dai sai an sayar da wake. Muryar Inna ce sak.

A ranar na gaya wa maigidana, kafin zuciyata ta sake shawara. Ranar Litinin za mu Gaya. An ce ba kowane ƙullutu ne sankara ba, ina riƙe da wannan.

Da aka raba kayan Inna, tiyarta ce ta zo hannuna. Da ita nake awo, kuma ni ma sai na damƙo na mayar, ba tare da na sani ba. Ta bar mana haƙuri da rufin asiri, ta bar mini wannan hannun, kuma shi nake tsoro.

Shi ya sa jiya na kira Sa'a a waya na ce, in har aka rubuta mini magani, ita za ta riƙe kwalin. Ta yi dariya, ta ce, "Yaya, ke da ko ashana sai kin tsaga biyu? Ai ko ba ki faɗa ba."

Na ce, "Ba wasa nake ba. Ki ba ni guda cur, ki tsaya sai na haɗiye. Ko na yi kuka, ko na ce babur zai tafi, kada ki bar shi a hannuna."

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ciwon ya zama kaffara.