Garkuwa Uku a Kwamfutar Anti Waƙafi

Sau ɗaya tak Anti Waƙafi ta taɓa shan kaye a gardama, kuma a hannun masinja. Shekarar da aka kawo injin fakis, mai aika wasiƙa ta layin waya, ofis ce. Ta zura wasiƙa ta sama, wasiƙa ta fito ta ƙasa. Ta sake zurawa, ta sake fitowa.

Masinja ya ce, "Anti, ai ta tafi."

Ta ce, "Ta tafi gidan uban wa? Ba ga ta a hannuna ba?"

Sau goma sha ɗaya ta aika, tana yi masa gorin bai gama firamare ba, sai da mutanen wancan ofishin suka bugo waya suna roƙon a yi musu rai, takardarsu ta ƙare. Tun daga ranar aka yanke mata hukunci: Anti ba ta san inji ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana buga takardu a wannan kamfanin gine-gine, a teburin da ke jikin taga, kusa da kabad ɗin da aljihunsa na biyu ba ya buɗuwa sai an sa masa gwiwa. Da wannan kujerar ta raini 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta. Sunan kuwa ta samo shi ne wajen gyara wa manya rubutu, don ko wasiƙar ta'aziyya ka ba ta sai ta ce ka ci waƙafi biyu.

Manyan ofishin su uku ne. Akwai Manaja, mai tumbin da ke riga shi shiga ɗaki. Akwai Mataimaki, wanda aikinsa gyaɗa kai. Akwai Akanta, mai tabarau a goshi yana neman tabarau. Takarda ɗaya sai ta kwana uku tana zagaye teburansu, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara sa hannu.

Da tsohuwar kwamfutarta ta mutu, aka sayo sabuwa fil, aka ciro ta daga kwali ranar Litinin. Wai sabuwa! Ka danna fayil, ka je ka wanke hannu, ka gaisa da mai shara, ka dawo, ɗan zoben jiran nan na kan allo yana nan yana juyawa. Ta buga layi guda, haruffan su biyo baya ɗaya-ɗaya kamar an tashe su daga barci. Fankar cikinta kuwa sai huci take, ka ce dutse take ɗauka.

Ga takardun neman kwangila shafi tamanin, ana rufe karɓa ranar Alhamis da azahar.

Ranar Talata Manaja ya tsaya a kanta. "Anti, injin nan ko sati bai yi ba. Ba shi ne ya tsufa ba."

Mataimaki ya gyaɗa kai.

Manaja ya ƙara da cewa, "In Alhamis ta yi ba a gama ba, gara ki je gida ki huta, ki yi wasa da jikoki."

Hutu! Ita da ta san inda kowace takarda ta kwana tun kafin tumbin nan ya fito. Ta gyara zama ta zuba wa allon ido, irin kallon da take yi wa rubutun Akanta. Can ta lura da abu. Duk sanda ta taɓa fayil, sai wata 'yar garkuwa shuɗiya ta leƙo a kusurwa ta ce tana bincike. Ta tafi, ja ta fito. Ja ta tafi, koriya ta fito. Sannan shuɗiyar ta dawo ta ce ba ta yarda da jar ba.

Sai ta bi manyan ofis-ofis da murya mai zaƙi.

"Yallaɓai, wane mai basira ne ya sa shuɗiyar garkuwar nan?"

Manaja ya shafa tumbi. "Ni ne. Antibairos ke nan, maganin cutar kwamfuta. Ba za ki gane ba."

Jar ta Akanta ce, ya sa ta ne don bai yarda da zaɓin Manaja ba. Koriyar ta Mataimaki ce, shi kuma ya ga kowa ya sa ne, kada a bar shi a baya. Babu wanda ya gaya wa wani.

Ta kira matar da ke shagon da aka sayo kwamfutar. Matar ta yi dariya har da tari. "Mama, ai da nata mai gadin ta zo daga kamfani. Danna inda zan gaya miki." Cikin rabin awa Anti ta sallami garkuwa uku, ta kashe kwamfuta ta kunna. Fayil ya buɗe kafin ta ɗage yatsa. Laraba da la'asar shafi tamanin na kan tebur, an jera, an huda, an ɗaure, babu waƙafin da ya ɓata.

Ka ce za su gode? Ina! Akanta ne ya fara lura jarsa ba ta nan, ya kwaso sauran.

"Da izinin wa kika cire?" in ji Manaja.

"Tawa ce mai kyau, ita ya kamata a bari," in ji Akanta.

"Taka? Taka ce ta kawo nauyin!"

Mataimaki ya rasa wanda zai gyaɗa wa kai, ya tsaya yana juya wuya. Suka yi ta yi a kanta, har mai shara ta jingine tsintsiya tana kallo. Da Manaja ya ga ba zai ci Akanta ba, sai ya juyo kan mai sauƙi.

"Ke kuma, me kika sani game da ciwon kwamfuta da har za ki yi mata magani?"

Anti Waƙafi ta tura masa takardun, ta ɗora biro a kai.

"Ranka ya daɗe, ciwon nan shekara talatin da ɗaya ina jinyarsa. Mai aiki ɗaya ce, shugabanni uku. Ita dai Allah ya taimake ta, nata suna ciruwa."